Ina mance sunan ɗalibaina, uwar mijina ta ce aljannu ne: amsa ga mai ciwon lupus daga Tawa

Saƙon da ya zo:

Salamu alaikum Anti, ina wuni ina gajiya, ya zafin Yamai. Don Allah ki ɓoye sunana. Ni madam ce a wata lekol ta firamare nan Tawa, shekarata 31, ɗiyana biyu. Shekara biyu ke nan da aka gano ina da ciwon lupus, a Yamai aka gano shi bayan na sha wahala da ciwon gaɓɓai da zubewar gashi da wasu ƙuraje a fuska da ba su jin magani, kafin nan ma na yi ɓari sau biyu. Aka ɗora ni bisa Plaquenil da Cortancyl na samu sauƙi Alhamdulillahi. To tun wajen ƙaramar salla na lura ina mantuwa, ina tsaye gaban tablo sai magana ta ɓace mini a baki, yaron da na sani sarai in nemi sunanshi in rasa. Wata guda da ƴan kwanaki da suka wuce ciwon ya taso, lokotoro ya ƙara mini Cortancyl ya kai 40 mg, tun daga nan abin ya ƙaru, ba ni barci sai gab da asuba, kuka ba dalili, faɗa da maigida kan abin da bai kai ya kawo ba. Ran nan na ɗora tukunya bisa gaz na shiga maƙwabta na manta har ta ƙone, Allah ne ya kiyaye. Ko salla sai in rasa raka'a nawa na yi. Uwar mijina ta ce ko aljannu ne ko sammu, ta ce in aje ƙwayoyin nasara a kai ni ƙauye wurin wani mai magani, maigida kuma ya fara karkata ga maganarta. Randebuna da lokotoro sai nan da wata biyu. Anti ki gaya mini gaskiya, haukacewa zan yi? In aje maganin in gwada na gida?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa don ita ce mai gaggawa. A'a, kar ki aje maganin ko na kwana ɗaya, musamman Cortancyl ɗin nan. Akwai wasu ƴan ƙananan halittu guda biyu da ke zaune bisa ƙoda, su ke fitar da sinadarin kortizol da ke riƙe tansiyo da sukari da ƙarfin jiki, to in mutum ya jima yana shan Cortancyl sai su yi kwance su rage aiki tunda ana kawo musu daga waje, ranar da aka yanke maganin farat ɗaya jiki ba shi da nashi ba shi da na waje, sai amai, jiri, kasala, tansiyo ta faɗi, mutum ya suma, kuma wallahi ana rasa rai ta wannan hanya. Ga shi kuma lupus ɗin kanshi, wanda ciwo ne da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita, zai samu fili ya taso da ƙarfinshi, kina can ƙauye nesa da likita. Wannan magani sauko da shi ake yi kaɗan kaɗan, kuma lokotoro ne ke tsara yadda za a sauko.

Sai batun hauka. Abin da kika lissafa, mantuwa, kalma ta ƙi zuwa baki, kasa riƙe abu biyu lokaci guda, kai ya yi nauyi, yana cikin abubuwan da masu lupus suka fi kuka da su ko'ina a duniya, ke dai ba a gaya miki ba ne ranar da aka ba ki ordonans, an yi maganar gaɓɓai da ƙoda da rana aka bar maganar kai. Tun 1999 ƙungiyar likitocin ciwon gaɓɓai ta Amurka ta lissafa hanyoyi 19 da lupus ke taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, 12 a ƙwaƙwalwa da laka, 7 a jijiyoyin da ke sauran jiki, kuma raunin tunani da damuwa da fargaba da ciwon kai duk suna ciki. A wurin mafi yawan mutane mantuwar nan ba mai tsanani ba ce, tana hawa tana sauka, wata rana garau wata rana sai a hankali, kuma ba kasafai take zama irin ruɗewar tsufa da mutum ke mance ƴaƴanshi ba. Masu tsananin, wato raunin tunani mai kwantar da mutum daga aiki gaba ɗaya ko gushewar hankali da jin muryoyi, likitocin Turai a bayanin da suka fitar a 2010 sun sa su cikin abubuwan da ke samun mutum 1 zuwa 5 cikin 100. Kuma ko su ɗin ana maganinsu mutum ya dawo hayyacinshi. Ki duba saƙon da kika turo mini ma, a tsare yake, kin tuna miligram nawa kike sha, kin tuna mi ya riga mi, kin lura da kanki cewa wani abu ya canza. Sunan yaron nan yana cikin kanki bai goge ba, kamar lamba ce a cikin salula ranar da rezo ke wahala, kiran ne ba ya shiga da wuri.

To amma ban ce ki zauna ki jira wata biyu ba. Dalili kuwa, mantuwa da canjin hali a jikin mai lupus ba daga ƙofa ɗaya suke shigowa ba, kuma maganin wata ƙofar kishiyar maganin wata ne, wani sai an ƙara mishi magani wani sai an rage, shi ya sa ni da ke da Inna uwar mijinki babu mai iya yanke hukunci daga zaune. Binciken da aka yi kan masu lupus da yawa ya nuna wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai na irin waɗannan matsaloli ake iya ɗora wa ciwon kai tsaye, sauran daga magunguna ne ko wani ciwo na daban da ya raɓu.

In lupus ɗin ne da kanshi, ta hanya biyu yake aiki. Garkuwar jiki da ta rikice tana kai hari ga jikin da ya kamata ta tsare, sai ta haddasa kumburi a ƙwaƙwalwa ko a ƙananan hanyoyin jininta, wannan shi ne wanda ake kwantarwa da kortikoyid, wato dangin Cortancyl, da magunguna masu danne garkuwa. Ta biyun ita ce daskarewar jini, kuma a nan ne wata magana da kika faɗa a wuce ta tsaya mini a rai, ɓarin nan biyu. Akwai wasu sinadaran garkuwa da ake kira antifosfolipid, ana samunsu a jinin wajen mutum ɗaya cikin uku na masu lupus, suna sa jini ya riƙa yin gudaji, su ke jawo ɓari a kai a kai, da kumburin ƙafa ɗaya, da shanyewar ɓarin jiki ga mace mai ƙuruciya, kuma suna iya toshe ƴan ƙananan hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa a hankali har tunani ya yi rauni. Ki buɗe karnenki ki duba ko an taɓa yi miki wannan analiz, in ba a yi ba ki roƙa a yi, in ya nuna akwai ana maimaita shi bayan sati 12 kafin a tabbatar. Amfanin sani shi ne maganinsa daban ne, na tsinka jini ne, aspirin ƙarami ko wanda ya fi shi gwargwadon abin da lokotoro ya gani, kuma kar ki je farmasi ki saya da kanki don na ambata. Haka in kina shan ƙwayar tazarar haihuwa ki faɗa mishi wace iri ce, mai ɗauke da estrojen ba ta dace da mai waɗannan sinadarai ba.

Amma in kin tambaye ni wanda na fi zargi a rashin barci da kukan nan da faɗa da maigida, Cortancyl ne, tunda ke da bakinki kin ce daga ƙarin suka fara. An daɗe da sanin halinsa, yana hana barci, yana sa zafin rai, wani ya yi ta surutu da zumuɗi wani ya yi ta kuka, kuma yana taɓa riƙe abu a kai. Wani bincike da aka yi a Boston a 1972 ya nuna yadda abin ke bin yawan maganin: cikin masu shan 40 mg ko ƙasa da haka 1.3 cikin 100 ne suka samu rikicewa mai tsanani, daga 41 zuwa 80 mg ya zama 4.6, sama da 80 mg ya kai 18.4 cikin 100. Wannan masu tsanani ke nan, ƙananan irin naki sun fi haka yawa nesa ba kusa ba. Abin daɗin shi ne in aka sauko da maganin suna lafawa. Kafin nan ki tabbata da safe kike shanye shi bayan kin karya, in dai ba lokotoro ne ya ce ki raba ba, don shan shi da marece shi ke ƙara raba mutum da barci.

Kuma ƙanwata, macen da ba ta barci sai gab da asuba, ta tashi ta yi abin kari ta shirya yara ta tafi ta tsaya gaban kilas cike maƙil, ko ba ta da lupus za ta ƙona tukunya. Rashin barci kaɗai ya isa. Ki ɗora ciwon gaɓɓai a kai, ki ɗora ƙarancin jini wanda ya zama ruwan dare ga masu wannan ciwo, ki ɗora damuwa. Damuwar nan ina so ki ɗauke ta da gaske, ciwo ce mai magani, kuma tana cinye tunani fiye da yadda mutane ke zato, mai ita sai ya karanta layi uku bai riƙe ko ɗaya ba. Sannan ƙoda in ta taɓu, ko tansiyo ta hau, ko sukari ya hau saboda Cortancyl, ko halittar nan ta maƙogwaro da ake kira tiroyid ta yi sanyi, kowannensu na iya dusashe kai, kuma duk da ɗan jini da fitsari ake gano su.

Akwai abin da nike so ki karanta wa maigida da ƙarfi, don in ya faru ke ba za ki iya lura da kanki ba, shi zai gani. In kika yi masassara tare da ruɗewa, ko ciwon kai mai tsanani da ba ki saba ba, ko wuya ya sanƙare, ko farfaɗiya, ko baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta harɗe, gani ya dushe farat ɗaya, ko ƙafafu su yi nauyi fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba, ko ki fara jin muryoyi da ganin abin da babu, ko ki kasa gane inda kike da mutanen gida, to wannan urjans ne a daren ko a ranar, CHR, wato babbar likitar Tawa, kai tsaye da karne da kwalayen magani a hannu, a faɗa musu tun daga bakin ƙofa cewa mai lupus ce tana shan kortikoyid. Ina nanata wannan ne saboda waɗannan alamomin su ne daidai waɗanda a gidajenmu ake cewa iska ta taɓa mutum, a rufe shi a ɗaki a yi ta hayaƙi har kwana biyu su wuce. Mu kuma muna ƙasar palu da sanƙarau, mai shan maganin da ke danne garkuwa ya fi kowa saurin kamuwa, kuma kortikoyid na iya ɓoye masassarar ta fito ƴar kaɗan alhali ciwon babba ne. Palu da ta hau kai da sanƙarau da shanyewar ɓarin jiki awoyi ake ƙirga musu. Kar kuma ki ɗauka tunda Plaquenil ɗan uwan Nivaquine ne, tsohon maganin palu, zai tsare ki daga palu, ƙwayar cutar ta daɗe da daina jin wannan dangin magani, ki kwana cikin sange.

Wata tambaya kuma zan yi miki kai tsaye don na damu da ke: a cikin kukan nan, tunanin gara ki mutu ko ki yi wa kanki wani abu yana zuwa miki? In yana zuwa, ba raunin imani ba ne, ciwon da maganin duka suna iya kawo shi, ki faɗa wa wanda kika yarda da shi yau, ki faɗa wa lokotoro, wannan ma urjans ne. In aka ce ki ga likitan ƙwaƙwalwa kar ki ji an zage ki. Na sani mutanenmu da sun ji an ambaci Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babbar likitar Yamai, sai gaba ya faɗi, amma masu wannan fanni su suka san maganin damuwa da na barci da zai zauna lafiya da magungunan lupus, ki je ki dawo gidanki ki ci gaba da aikinki.

Ga abin da za ki yi cikin satin nan. Ki nemi lokotoron da ke bin ki, ta waya ko ta sakatariyar sashen, ki ce tun da aka ƙara Cortancyl ba ki barci, halinki ya canza, mantuwa ta ƙaru har kin bar gaz a kunne, kina roƙon a matso da randebu. Ki faɗi maganar gaz ɗin, ita za ta nuna musu abin ya wuce ƙorafi. Kafin ki kama hanyar Yamai, tafiyar sama da kilomita 500 ba wasa ba ce ga mai ciwon gaɓɓai, ki ga likita nan Tawa a auna tansiyo, a yi ƙirgen jini, kireyatinin na ƙoda, sukari, a duba furotin a fitsari, a yi gwajin palu in akwai zafin jiki, ki tafi da sakamakon a hannu kin rage kwanakin zama gidan mutane. Sauran, irin su awon ƙarfin tashin ciwon da antifosfolipid da tiroyid, shi zai rubuta ya gaya miki inda za a yi. Zai iya yi miki ɗan gwajin tunani na minti goma da takarda da bik, a ba ki kalmomi ki riƙe, ki zana agogo, ki yi lissafi da baya, akwai wanda ake kira MoCA mai maki 30, kar ki ji kunya ko ki ce ni da nike madam, amfaninsa a samu ma'auni da za a gwada da shi nan gaba. In ya ga dalili zai tura ki IRM, wato ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wani lokaci har a ɗebi ruwan baya. Ki sani tun yanzu IRM na iya fitowa lafiya lau alhali mantuwar gaskiya ce, kar wani ya riƙe hoton ya ce ai ga shi ba ki da komai.

Ki sayi ƙaramin kaye tun yau. Kullum ki rubuta ƙarfe nawa kika yi barci, miligram nawa kika sha, mi kika manta, ya gaɓɓai, akwai masassara ko babu, kina al'ada ko a'a. Layi uku ya isa. Wannan kaye ya fi dogon bayani amfani a gaban lokotoro, don mai mantuwa in ya shiga ofis abin da ya zo faɗa ne farkon abin da ke ɓace mishi, kuma a ciki ne za a ga ko kan yana bin tashin ciwon ne ko yana bin maganin ko barci.

Plaquenil kuwa ki riƙe shi da hannu biyu, shi ne ginshiƙin maganin lupus, yana rage yawan tashin ciwon yana kuma rage haɗarin daskarewar jini, har mai ciki ana barinta a kanshi. Abin kula shi ne ido, ana duba shi a farkon fara sha, bayan shekara 5 kuma kowace shekara, kuma adadin bai kamata ya wuce 5 mg ga kowane kilo na nauyinki a yini ba. Abin da nike roƙonki ki nisanta shi ne ƙwayoyin masu tebur da masu yawo da su a kai. Na san dare in ya yi tsawo mutum zai so ya aika a sayo mishi diyazefam, to ita kanta tana ƙara mantuwa kuma jiki na sabawa da ita, tramol ma haka har tana iya tada farfaɗiya. Ibuprofen da ake sha kamar gyaɗa don ciwon gaɓɓai yana wahalar da ƙoda, kuma an san shi da haddasa wa wasu masu lupus kumburin rigar ƙwaƙwalwa mai kama da sanƙarau. Duk abin da za ki haɗiya, lokotoronki ya sani.

Yanzu Inna. Kar ki yi gaba da ita, tsoro ne ya kama ta, ta ga surukarta mai hankali da natsuwa ta canza cikin wata guda, ta fassara da abin da ta sani. Kuma ba ke za ki yi wannan magana da ita ba, ɗanta ne zai yi. Shi ya sa nike so maigida ya raka ki Yamai ya shiga ofis ɗin tare da ke, ya faɗi abin da ya gani da idonshi, ya tambayi lokotoro da bakinshi mi zai faru in an aje maganin, in ya ji daga can ba zai ƙara karkata ba, kuma zai gane faɗan da kike yi mishi kwanan nan ba raini ba ne. In ya dawo ya ce ma ta: Inna, likita ya ce ciwon ne da ƙarfin magani, za a rage a hankali, in an yanke lokaci guda za a iya rasa ta, ki taya mu da addu'a. A bar ma ta ƙofar addu'a a buɗe, a yi ruƙiyya a gida, a yi sadaka, ki riƙe azkar ɗinki, babu wanda ya ce ɗaya na hana ɗaya, Annabi (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, neman magani a likita yana cikin bin wannan. Inda za ki tsaya kyam da ladabi wuri uku ne: ba a aje ƙwayoyi, ba a ba ki jiƙo ko garin da ba a san mi ke ciki ba don ƙodar mai lupus ba ta da rarar da za a yi gwaji da ita, ba a kai ki inda babu likita kusa. Batun sammu kuma ina roƙonki kar ki bari ya zauna miki a zuciya, in ya zauna za ki fara zargin ƴan uwa da maƙwabta, ki ƙara wa kanki rashin barci, alhali wannan ciwo tara cikin goma na masu shi mata ne masu shekarun haihuwa irinki, a Amurka da Faransa da Sin duk haka yake, kuma ya fi yawa da tsanani ga baƙar fata.

Kan aikin gida da lekol, ki sauƙaƙa wa kanki ba tare da jin kin gaza ba. In kin ɗora tukunya ki sa alam a salula kuma kar ki fita gidan sai kin kashe gaz, in fitar ta zama dole ki kashe ki dawo ki kunna, wannan doka ce har sai kan ya washe. Makulli da karne da magani kowanne wuri ɗaya kullum. Magani ki samu ɗan akwati mai gidajen kwanaki ko ki riƙa yin alama a kalanda, don mai mantuwa na iya sha sau biyu ko ya tsallake, maigida ya riƙa dubawa da dare. A kilas ki zana taswirar zama da sunan kowane yaro ki aje bisa tebur, darasi ki rubuta shi layi layi a fish ɗinki yadda in magana ta yanke ido zai kai ki inda kika tsaya, lissafi da abubuwa masu nauyi ki sa su da safe lokacin da kai ya fi sauƙi, gyaran kaye ki yi shi kashi kashi cikin shiru ba rediyo ba waya. Abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ki samu direkta ki gaya mishi iya abin da ya kamata ya sani, ki nemi a ɗauke miki tsaron yara a fili lokacin rekreyasiyo, don ranar Tawa daga ƙarfe 10 zuwa la'asar tana iya tada lupus, in ya tashi kuma kan ma ya bi. In lokotoro ya ga ya dace ya rubuta miki hutun rashin lafiya na ƴan satuttuka har a sauko da maganin, ki karɓa, haƙƙinki ne. Tafiya ƴar kaɗan da sanyin safiya ko bayan magariba tana taimaka wa barci da rai, shayi mai ƙarfi da kofi kuma ki bar su daga azahar.

Salla kuwa kar ta zame miki abin kuka, malaman fiƙihu sun yi bayanin ƙabli da ba'adi kuma sun yi wa mai yawan kokwanto sauƙi na musamman, ki tambayi malamarku ta islamiyya ta warware miki, in kin samu wadda za ki bi jam'i a gida ma ya fi miki sauƙi.

In kuna tunanin ƙarin haihuwa ki dakata tukuna, ana so ciwon ya kwanta aƙalla wata 6 kafin ciki, a kuma san matsayin antifosfolipid ɗin, wasu magungunan da za a iya ƙara miki don a samu a rage Cortancyl ba su haɗuwa da ciki sam, ki faɗa wa lokotoro niyyarku tun kafin ya rubuta.

Ki kira gobe da safe ƙanwata, kar ki bari sai Litinin. In an yi analiz ɗin ki sake rubuto mini abin da aka samu da yadda aka tsara saukar maganin, ki gaishe mini da maigida da yaran, ki gaida Inna da kyau. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa.